Hadarin da Ya Zo Ta Yamma

A ƙauyen surukina ba a shuka sai ya ce a shuka. Ba sarauta ba ce, babu rawani, babu wanda ya naɗa shi. Tun yana saurayi ne aka lura cewa in ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya, wanda ya yi gardama zai kwana yana juya jiƙaƙƙiyar dawa a ɗaki. In ruwan farko ya sauka kuma, shi ne zai fita gona ya tona ƙasa da yatsa, ya ce ya kai ko bai kai ba, gari ya bi. Tun da matarsa ta rasu, wannan aikin ne ya rage masa a duniya, shi da carbi.

Wannan mutumin ne ya zo mana Riyad a ƙarshen sanyi, bayan ya yi Umara, kuma a ƙarƙashin rumfata ya yi kuskuren hadari.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makaranta da ke kusa da unguwar Ulaya, inda nake koya wa 'ya'yan mutane sunayen iskoki da hanyoyinsu. Matata, 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya ce. Muna da karafan, wato ɗakin nan mai taya da ake ja da mota zuwa daji. Mun saye shi na hannu, ni da wani abokina injiniya, Bakano, bayan mun gaji da kallon 'yan ƙasa suna ficewa kashta duk ƙarshen mako. Kashta ita ce fita cikin rairayi a shimfiɗa darduma, a hura wuta, a dafa gahawa, a zauna ana kallon babu. Da farko mun yi musu dariya. Mu da muka baro ƙauye da ƙyar, a ce mu saka mai a mota mu je neman wurin da ba wuta ba famfo? Kafin shekara ta zagayo mun fi su naci.

Abin alfaharin karafan ɗin shi ne rumfarsa. Tana naɗe cikin wani dogon bututu a jikin bango. In ka saƙala mariƙi ka murɗa, sai tamfol ya riƙa fitowa a hankali a kan hannuwa biyu na alminiyam, ka sauke ƙafafu biyu ka kafe su a ƙasa, ga inuwa ta samu. Bakano ne mai kafa ta, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa. Yakan ɗora waya a kan ƙarfen gaba yana auna daidaito har sai gefen dama da na hagu sun zama ɗaya, kamar rumfar ɗaurin auren 'yar gwamna.

"Kai dai Bazazzage, riƙe mini ƙafar nan kawai," in ji shi ranar da muka fita kashta da surukina. "Aikin injiniya ne wannan, ba zanen taswira ba."

"Bakano ko a lahira sai ya tsaya auna kabarinsa," na ce.

Surukina yana zaune a kujera yana kallonmu, ya yi murmushi. Ya yaba da rumfar. Ya shafa tamfol ɗin ya ce ya fi buhun taki kauri, wanda a bakinsa babban yabo ne.

Mun yi azahar sama tarwai. Matata tana cikin karafan tana harhaɗa abinci. Can rana ta karkata, sai wani baƙin gajimare ya taso daga inda take shirin faɗuwa, ya haɗiye ta. Wayoyinmu suka yi kuka kusan lokaci guda, saƙon gargaɗi ne na ruwa da iska. Na dubi Bakano, ya dube ni. Kafin ɗayanmu ya buɗe baki, tsohon ya sa hannu a goshi, ya ƙare wa hadarin kallo kamar mai duba saniya a kara, sannan ya juya ya dubi gabas, wadda take wasai.

"Wannan ya wuce," ya ce. "Na mutanen yamma ne. Allah ya amfana musu."

A gida gaskiyarsa ce, kuma ba ta da gyara. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Wanda ka hango a yamma ya riga ya ba ka baya. Amma a Riyad akasin haka ne, ruwan wannan lokacin daga yamma yake zuwa. Na san haka, ina koyar da shi, har tambaya nake sakawa a kansa a jarrabawa.

Sai dai wanda bai san surukuta ba ne zai ce me ya hana ni faɗa. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, in na gaishe shi sai gwiwata ta taɓa ƙasa, shi zan buɗe baki in ce wa ba haka ba ne, kuma a kan hadari? Matata ma ba ta da hanya. 'Yar fari ce, ba ya kiran sunanta, ba ya kallon idonta. In zai yi mata magana sai ya fuskanci bango ya ce a gaya wa waccan. Bakano kuwa abokin suruki ne, kunyata ta hau kansa.

"Baba, ko a shiga ciki a sha shayi?" na ce.

"Nan ya fi iska, Malam."

"Na ga kamar ana naɗe rumfuna a can."

Ya dubi maƙwabtanmu Larabawa, waɗanda suke ta tattara dardumansu. "Ba manoma ba ne," ya ce da tausayi.

Bakano ya matso kusa da kunnena. "Malamin labarin ƙasa, ka yi magana mana."

"Kai ka yi. Ba surukinka ba ne."

"Ni ina da 'ya'ya mata, ba zan ja wa kaina ba."

Iskar ce ta fara zuwa, da yashi a bakinta. Sai ruwa. Na ga ruwan damina a Zariya, na ga wanda ya ci gada, amma ban taɓa ganin ruwan da bai yi sallama ba irin wannan. Babu yayyafi, babu ɗigo ɗaya biyu da zai ba ka damar kwashe takalmi. Kamar an kifar da randa. Ƙanƙara ta biyo baya tana dukan rufin karafan har ba ka jin maganar na kusa da kai. Maƙwabtan namu kuwa, maimakon su ɓuya, sai suka fito kai ba hula suna ɗaga hannu, suna kabbara, wasu na danna hon. Ni na tsaya baki buɗe, ban san wanne zan kalla ba, su ko saman kaina.

Domin rumfar ta fara yin ciki. Daidaiton da Bakano ya ɓata lokaci yana aunawa shi ne ya hana ruwan hanyar zuba. Ba gangare ta dama, ba ta hagu, sai ya taru a tsakiya, tamfol ya riƙa lotsawa yana saukowa, daidai kan hular surukina. Shi kuwa yana zaune bai motsa ba. Ba rumfar yake kallo ba. Gabas yake kallo, inda har lokacin akwai shuɗin sama.

"Baba, a taso!" na ce, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da na ɗaga masa murya.

Bakano ya rarumi sandar tsintsiya ya tokari cikin rumfar don ya ture ruwan. Sandar ta huda tamfol ɗin ta fito ta sama. Daga hudar nan yaga ta kama ta gudu har bakin ɗinki. Hannun dama na alminiyam ya yi wata ƙara kamar an karya rake, ya lanƙwashe. Duk ruwan da ya taru ya sauko a kan tsohon gaba ɗaya.

Hularsa ta bi ruwa. Ban taɓa ganin kan surukina ba sai ranar. Furfura ce fat, an aske ta a Makka, ta fara tsirowa. Matata ta fito a guje da bargo, ta tsaya a bayansa ta kasa yafa masa, sai ta miƙo mini, ni ma na miƙa wa Bakano, shi ya yafa. Muka naɗe rumfar yadda ta samu, jiƙe sharkaf da yashi da komai, muka ɗaure karyayyen hannun da igiya, muka fice kafin kwarin da muka ratso ya cika.

Muna cikin mota, sai da muka hango fitilun gari surukina ya ce, a hankali, ba da kowa ba, "Na ce ya wuce."

Na ɗauka mura ce za ta zama matsalar. Ko atishawa bai yi ba. Abin da ya same shi ya fi mura. Ya daina leƙa taga da safe, shi da kullum yakan ba mu labarin sama kafin mu karya kumallo. Ya rage cin abinci. Wata rana da hantsi, ranar hutu, na ji shi a falo yana waya da ƙaninsa na gida. Tsofaffinmu ba su yarda waya tana kai magana ba sai an taimaka mata da murya, don haka duk gidan ya ji.

"Bana kada ku jira ni," yake cewa. "Ku shuka in kun ga dama. A'a, lafiyata lau. Idon ne ya tafi. Na ga hadari da idona na ce ya wuce, ya zo ya same ni a zaune. Gonar ma a raba wa yara."

Na shiga kicin na tarar da matata ta dafa bango.

"Ka ji?" ta ce. "Wallahi Malam, in Baba ya ajiye fartanya kwanciya zai yi. Ina ganin irinsu a asibiti. Ba ciwon komai, sai ka ga mutum ya juya fuska bango."

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauko ƙwallon duniya da nake zuwa da shi aji, na durƙusa a gabansa, na fara da neman gafara, na bi da bayani. Na nuna masa inda muke, na nuna masa gida. Na yi maganar iskar da ke tasowa daga teku, da yadda take juyawa in an haura arewa. Darasi ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Allah ya yi maka albarka, Malam," ya ce. "Rarrashina kake yi, na gane. Amma sama ɗaya ce. Ba a yi wa Larabawa tasu daban ba."

Na fito da ƙwallona a hammata. Na fahimci cewa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karanta sama da idonsa ba zai karɓi gyara daga roba mai fenti ba. Sai ya sake gani da kansa. A cikin gari kuwa ba a ganin hadari yana tasowa, gine-gine sun tare ko'ina, sai dai ka ji ruwa a ka. Dole a koma daji, dole a zauna a waje a jira, kuma tafiyarsa gida ta matso. Nan ne rumfar da muka manta da ita ta zama abin gaggawa.

Da muka je filin da muke ajiye karafan muka warware ta, sai da na ja da baya. Wari ne irin na rijiyar da aka daina ja. Tamfol ɗin da surukina ya yaba ya yi baƙaƙen ɗigo-ɗigo na fumfuna tun daga sama har ƙasa, wani wurin har da gashi-gashi. A ƙasar da in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe, ban taɓa zaton wani abu zai iya ruɓewa ba. Ashe duk abin da ka naɗe da ruwa a cikinsa ka rufe a bututu, ka gina masa damina tasa ta kansa.

"Inna lillahi," in ji Bakano, ya toshe hanci da hula. "Wannan ai ta mutu."

"Kai ka kashe ta da tsintsiya."

"Wa ya hana ka magana tun farko, mai ƙwallo?"

Na zo da surukina wurin gyaran da gangan, na ajiye masa kujera a inuwar katanga. Muka bar tamfol ɗin a buɗe rana ta gasa shi tukuna. Sannan muka kakkaɓe yashin, muka wanke da ruwa da sabulu mai laushi da ɗan khal, ruwan tsamin nan da ake sayarwa a kwalba, muna gogawa da buroshi mai taushi don kada mu kankare rufin da ke hana ruwa shiga. Muka ɗauraye, muka sake barin shi ya bushe ƙayau. Ɗigon bai fita duka ba, har yau akwai inuwarsa, amma warin ya tafi. Hannun da ya lanƙwashe Bakano ya so ya miƙar da shi da guduma. Alminiyam ba ya yafiya, in ya lanƙwashe sau ɗaya ya gama, sai da muka nemo wani a unguwar masu gyaran motoci.

Yagar ce ta rage. Na sayo basilla da zare mai kakin zuma, na zauna a gaban tsohon na fara ɗinki. Ni ban taɓa ɗinke ko maɓalli ba. Ɗinkin ya tafi a karkace, wani taku dogo wani gajere, bakin yagar ya tattare kamar fuskar mai shan lemon tsami. Wannan mutumin ya ɗinke buhunan hatsi da ba su ƙirguwa. Da a da ne, kafin in yi taku uku zai yi gyaran murya. Na yi ta satar kallonsa ina jira. Ya dubi ɗinkin, na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwa, sannan ya kawar da kai. Wannan shirun ya fi karyewar ƙarfen razana ni.

Bakano ne ya warware ɗinkin ya sake, yana mita. Muka manna faci a sama da ƙasa, muka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, muka bi ramukan basilla da gam ɗin toshe ruwa, muka fesa maganin da ke sa ruwa ya zame. Da muka gama na zuba ruwan buta a kai, ya gangara bai ratsa ba.

Aka sake yin gargaɗin ruwa kafin ranar tafiyar surukina. Na ce, "Baba, muna so mu gwada rumfar, ko za a raka mu?" Ya ce to, irin to ɗin wanda ba ya son ya ɓata wa masu gida.

Wannan karon mun zaɓi tudu, nesa da kwari. Bakano ya kafa rumfa, ya ɗaure ta da igiyoyi a turaku. Ya zo zai sauke ƙafa ɗaya don a samu gangare, na riƙe hannunsa na girgiza kai. Ya dube ni kamar na haukace, amma ya bari.

La'asar ta yi, sama ba komai sai ɗan hazo. Muka shimfiɗa darduma a wajen rumfa, tsohon ya shige gaba. A Riyad alƙibla yamma take, Makka tana ta mafaɗar rana. Ya sha jin haka tun zuwansa, amma a ɗaki yake salla ko a masallaci, inda bango ne a gabansa, kuma ranar farko sama ba ta da komai lokacin da muka yi azahar. Muna cikin salla iska ta canza. Da muka sallame, ga hadari nan a gabanmu, baƙi ƙirin, ya taso daga ƙasa daidai inda goshinmu ya nufa.

Tsohon bai juyo ba. Ya daɗe a zaune yana kallonsa, carbin ya tsaya a hannunsa.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"A gida in mun tsaya salla, ina muke duba?"

"Gabas, Baba."

"Hadari kuma ta ina yake zuwa mana?"

"Gabas."

"A nan fa, ina muka duba yanzu?"

"Yamma."

Ya ɗaga hanci ya shaƙi iskar. Ya dubi gindin hadarin, ba samansa ba, ya dubi yadda yashi ke gudu a ƙasa.

"Ashe ba gabas yake bi ba," ya ce. "Ta alƙibla yake zuwa. Can ma ta alƙibla, nan ma ta alƙibla. Ni ne na bi rana."

Malamin labarin ƙasa da ke cikina ya miƙe tsaye da alli a hannu, yana so ya ce dacewa ce kawai, a je wata ƙasar a gani. Na zaunar da shi.

Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya juyo ya dubi rumfar sama da ƙasa, kamar yau ya fara ganinta.

"Wa ya kafa wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Bakano.

"Kai ne injiniyan? Ka taɓa ganin an yi rufin ɗaki a shimfiɗe kamar faranti? Sauke ƙafar can. Ƙara. Ruwa ba ya son a yi masa adalci, hanya yake so. Hadarin nan na zuwa, kuma ba zai daɗe ba. In iska ta fi haka ku naɗe ta, in kun isa gida ku buɗe ta sha rana." Ya matsa ya shafa facin da yatsa, ya bi layin ɗinkin. "Wannan kuma wa ya ɗinka?"

"Shi ne," muka ce tare, kowa na nuna ɗan'uwansa.

Ruwan ya zo kamar yadda ya faɗa. Ya bugi tamfol ya gangara ta kusurwar da aka sauke, yana zuba kamar indararo, facin bai ɗiga ba. Matata tana tsaye a ƙofar karafan da butar shayi, ta manta da ita a hannu. Da ya ɗauke, surukina ya fita daga rumfar, ya tsuguna, ya tona rairayin da yatsa har ya kai busasshe. Ya duba, ya goge hannu a gefen riga.

"Bai kai shuka ba," ya ce. Sannan ya fuskanci bangon karafan. "A gaya wa waccan ta kira mini gida. Kada kowa ya taɓa iri sai na zo."